Tiyatar Mayar da Gaɓar Yaro da ta Guntule

Tiyata ce da ake sake haɗa ƙashi, tsoka da jijiyoyin hannu ko ƙafar da ta guntule. Likita Ronald Malt ya yi nasararta a Boston ta Amurka a 1962, a hannun yaro ɗan shekara 12. Wasu na ganin hannun roba ya fi sauƙi, amma jijiyoyin yara sun fi na manya saurin farfaɗowa, hannun roba kuwa sai an riƙa sauya shi yayin da yaro ke girma. Babban sharaɗi shi ne gaggawa, domin tsokar da ba a sanyaya ba takan lalace bayan kimanin awa 6. Idan gaɓar yaro ta guntule, wajibi ne a naɗe gaɓar cikin tsumma mai tsabta da danshi, a ƙulle a leda, a ɗora bisa ƙanƙara, a garzaya da yaron asibiti.