Asalin Barkono da Yadda A Ke Shuka Shi a Gida

Babu gidan da a ke ɗora tukunya a ƙasar Hausa wanda ba a san barkono ba. Da za ka ce wa tsohuwa barkono baƙo ne a garinmu, sai ta ce ka cika zance, gama ta tarar da kakarta tana daka shi. Amma kuwa baƙon ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Aliyu, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, an yi masa laƙabi da Yaji saboda zafin zuciyarsa tun yana yaro. To, yajin da mutanen wancan zamani suka sani na masoro ne da kimba da citta. Barkono kam, Sarki Yaji bai taɓa ɗanɗana shi ba, haka kuma dukan mutanen Afirka da Asiya da Turai na lokacinsa.

Asalinsa ƙasar Amurka ne, wajajen Meziko da kudu da ita. Mutanen can sun fi shekara dubu shida suna nomansa. Sarakunan Aztek na Meziko har haraji su ke karɓa da shi, a ɗaura shi dami dami a kai fada, kamar yadda dā a ke kai wa sarakunanmu zakkar hatsi. Yaro kuwa in ya gagara, sai ubansa ya riƙe shi a kan hayaƙin barkono. Wannan horo, mai karatu, ba sai an yi maka bayaninsa ba.

Abin da ya fito da shi duniya shi ne kwaɗayin masoro. A Turai masoron Indiya tsada gare shi ƙwarai, domin sai ya bi ta hannun fataken Larabawa da na Italiya, kowa ya ɗora ribarsa. Sai wani matuƙin jirgin ruwa, Kolumbus, ya ce shi zai nufi yamma ya ɓullo Indiya ta baya. Sarakunan Sifen suka ba shi jirage uku. Cikin shekarar 1492 ya sauka a waɗansu tsibirai, yana tsammani Indiya ya iso. Ya nemi masoro, bai samu ba, sai ya ga mutanen wurin ba su cin abinci sai da wani ɗan jan abu mai zafi. Da ya ke masoro ya fito nema, sai ya sa masa sunan masoro, har yau kuwa Turawa da yawa suna ɗaya su ke kiran su biyun.

Amma waɗanda suka watsa shi sosai Turawan Fotugal ne. Sun gina ganuwarsu a Elmina, cikin ƙasar da a ke kira Gana yanzu, a 1482, ba da daɗewa ba suka kai Bini. A 1498 suka isa Indiya, a 1500 suka sauka Barazil. Jiragensu suna kai da kawowa tsakanin wuraren nan uku, suna ɗauke da bayi da zinariya da kayan yaji, irin barkono kuwa yana biye. Abin mamaki, daga Bini sun riƙa sayen irin masoron nan namu suna kaiwa gida, har Sarkin Fotugal ya hana a 1506, don kada ya karya kasuwar na Indiya. Watau sun daina ɗaukar namu, suka bar mana nasu.

Saurin bazuwarsa har ya ruɗe masana. Wani Bajamushe, Leonhart Fuchs, ya zana hotonsa cikin littafinsa na tsirrai a 1542, ya ce daga Indiya ya ke. Wani kuma a 1776 ya sa wa dangin attarugu sunan ƙasar Sin, alhali asalinsu dazuzzukan Amurka ta Kudu ne.

Mu nan, baƙin tsirran Amurka ta ƙofa biyu suka shigo mana. Masara da gwandar Masar, sunansu ma ya nuna ta gabas muka karɓe su. Attarugu kuwa sunansa ya ɗauko daga na Yarabawa, ata rodo, alamar daga kudu ya hauro. Barkono in ya bushe ba shi da nauyi, ba ya lalacewa da wuri, kuma kowace ƙwaya da irinta a ciki, saboda haka kayan falke ne sosai. Tsuntsaye ma sun taya: su ba su jin zafinsa, sai su haɗiye, su je can su kasayar da irin. Shi ya sa ka kan ga tsiduhu ya tsiro gindin danga ba wanda ya shuka. Dalilin da ya sa ya kori masoro daga tukunyar talaka a fili ya ke. Masoro da kimba sai kurmi, sai an sayo. Barkono kuwa ko matar kulle ta iya samun nata a bayan ɗaki.

Ga yadda a ke yi. A nemi ƙasa mai laushi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, a zuba cikin fasasshen kasko ko a yi ɗan fangali. A yayyafa irin, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa bisa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin mako ɗaya ko biyu zai tsiro, sai dai attarugu ya kan yi nawa, kada a yi fushi a tone. In ya kai mako biyar ko shida, ya yi ganye kamar shida, sai a yi dashe. Da la'asar a ke yi, ko ranar da hadari ya rufe, gama rana tana kashe sabon dashe. A bar kamu guda tsakanin gindi da gindi. Yana son rana, yana son ruwa, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa, nan da nan saiwar ta ruɓe. Waɗanda ke dasa shi daidai bakin makwarara, inda ruwan sabulu ke taruwa, wahala su ke sha a banza. Kaji da awaki kuwa, in ba a kewaye shi da ƙaya ba, su za su riga mai shi girbi.

Kamar wata uku bayan dashe sai a fara tsinka. A tsinke da ɗan hancinsa, kada a fizga a karya reshe, kuma yawan tsinka shi ke sa ya ƙara fure. Wanda za a ajiye sai ya nuna jawur, a shanya a tabarma ko bisa soro, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. In ka girgiza shi ka ji irin na ƙara, ya bushe. Wanda aka ɗura a buhu da sauran danshi fumfuna zai yi, kuma ba shi da kyau ga lafiya. Gidan da ke da gindi goma ko ashirin ba su aika yaro kasuwa don ɗan yajin miya, in an yi haihuwa kuma sun rage kuɗin yajin jego.

Mutane suna zaton zafin cikin irin ya ke, amma a farar tsokar nan ta ciki ya ke, wadda irin ke manne da ita. Ruwa ba ya wanke shi, sai nono ko mai. Wani Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙago hanyar auna zafin a 1912. Wani likitan ƙasar Hungari kuma, Albert Szent-Györgyi, ya tatso sinadarin bitamin C mai yawa daga tattasan ƙasarsu, aka ba shi lambar girma ta Nobel a 1937.

Saura maganar iri. A zaɓi manyan 'ya'ya daga gindin da ya fi lafiya, a bar su su nuna sarai, a shanya irin a inuwa, a gauraya da toka, a zuba a kwalba ko gora a toshe. Wanda ya ke son irinsa ya tsaya yadda ya ke, kada ya dasa tattasai dab da barkono, domin ƙudan zuma su kan ɗauki garin furen wannan su kai wa wancan. Bana ba za a ga kome ba, sai baɗi in an shuka irin, tattasan ya fito da yaji.