Daga ina HCF ɗin da ke ba mu wahala a aljabara ya fito?

1/ Duk wanda ya zauna WAEC ya san irin wannan tambayar: nemo HCF na 12x³y² da 18x²y. Amsa 6x²y ce. Da yawanmu haddace dokar muka yi, ba mu san dalilinta ba. To tana da tarihi mai tsawo. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da Iskandariya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafi na 7 na kundinsa na lissafi, Yuklid ya nuna yadda ake gano lamba mafi girma da ke raba lambobi biyu ba saura.

3/ Dabararsa: yi ta cire ƙaramar daga babbar. 18 cire 12, saura 6. 12 cire 6, saura 6. Sun zo daidai, amsa 6 ke nan. Ka ga 6 ɗin da ke cikin amsarmu ta sama? Ta haura shekara 2,000.

4/ Mutanen Sin ma sun san ta. A tsohon littafinsu mai babi tara, da irin wannan cire-ciren suka rage 49/91 ya koma 7/13.

5/ Sai Bagadaza, wajen 820, zamanin Halifa Ma'amun. Al-Khawarizmi ya rubuta littafin Al-Jabr wal-Muƙabala, inda kalmar aljabara ta samo asali. Amma fa babu x ko ɗaya a ciki. Abin da ba a sani ba "shai'i" yake kiransa, in an ninka shi da kansa kuma "mal". Komai da jimloli.

6/ Babban kaso na littafin nan kan wasiyya da gado yake. Nan ne zancen ya iso gida, domin malamanmu na fara'ili suna aiki da HCF, sunan da suke kiransa ne daban: tawafuƙi.

7/ Misali: mutum ya rasu ya bar mata da 'yan'uwa maza shaƙiƙai 6, ba ɗa, ba iyaye. Asalin rabo 4: mata 1, saura 3. Uku ba ta rabuwa ga mutum 6. Lamba mafi girma da ke raba 3 da 6 ita ce 3. 6÷3=2, sai 4×2=8. Mata 2, kowane ɗan'uwa 1. Ba rigima.

8/ Haruffa daga baya suka shigo. A 1585 Simon Stevin ya gwada dabarar Yuklid a kan jimlolin aljabara. A 1637 Rene Dekart na Faransa ya yaɗa amfani da x, y, z da 'yar lambar nan ta sama, kamar x³.

9/ Wannan gajarcewar ce ta ɓoye mana dalilin. x³ na nufin x·x·x, x² kuma x·x. Nawa suka yi tarayya a kai? Biyu. y² da y fa? Ɗaya. Shi ya sa ake ɗaukar ƙaramar lambar sama.

10/ Don haka in ka manta dokar a ɗakin jarrabawa, kar hankalinka ya tashi. Warware haruffan, ƙirga waɗanda kowane ɓangare ke da su, lambobin kuma ka bi su da cire-ciren Yuklid.

11/ Gwada wannan: 24a⁴b da 36a²b³. Ajiye amsarka a ƙasa, sannan ka tura wa ƙaninka mai shirin jarrabawa.