Rasuwar Alhaji Mamman Shata da Juyayin Mutanen Zamanin Rediyo a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

A ranar Juma'a, 18 ga watan Yuni 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kuma yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa rasuwar makaɗin da aka haifa a Musawa ta taɓa zukatan mutanen Bukkuyum da Anka da Gummi, alhali ƙasarsu ba ta taɓa yin talaucin makaɗa ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, irin wannan juyayi baƙon abu ne a tarihin kiɗan Hausa, kuma rediyo da kaset ne suka haife shi.

2.0 Makaɗi da Ubangidansa

Ƙasar Zamfara da maƙwabtanta su ne cibiyar kiɗan fada. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne. Sa'idu Faru ya yi fice wajen yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙa. Musa Ɗanƙwairo kuwa, wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, ya yi wa sarautar Maradun da ta Tsafe hidima, waƙoƙinsa na Sardauna kuma suka kai shi ko'ina.

A tsarin da waɗannan makaɗa suka taso, makaɗi ɗan gida ne. Ubangida ne ke ba shi doki da riga da hatsi, shi kuma ya tsare masa tarihin kakanninsa, ya yi wa abokan takararsa zambo. Saboda haka in makaɗi ya faku, gidan sarauta ne ya yi rashi, sai ɗansa ko ƙanensa ya ɗauki kotso ko taushi, hidima ta ci gaba. Talakan da ke nesa da fada ba safai yake jin muryar irin wannan makaɗi ba sai ranar salla ko naɗin sarauta.

3.0 Yadda Shata ya Saɓa wa Wannan Tsari

Shata, wanda aka haifa a 1923, bai gaji kiɗa ba. Hasali ma mahaifinsa bai so ya shiga wannan sana'a ba, domin ana ganin ta roƙo ce. Ya taɓa tallan goro da alewa kafin ya rungumi waƙa. Abin kiɗansa kuma kalangu ne, wanda a al'adance na mahauta ne da dandalin 'yan mata. Duk da cewa ya yi iyayen gida cikin sarakuna da attajirai, bakinsa bai tsaya a kansu ba. Ya yi wa direba waƙa, ya yi wa sojojin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi ta noma, har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Watau duk wanda ya kasa kunne zai tsinci kansa ko sana'arsa ko labarin zamaninsa a ciki.

Wannan baiwa ta yi gamon katar da zuwan na'ura. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, a daidai lokacin da ƙaramar rediyo mai batir ta fara shiga ƙauyuka. Daga baya kaset ya biyo, ya sauƙaƙa abin da faifan garmaho ya faro. Manomin Nasarawar Burkullu ko ɗan kasuwar Gummi da bai taɓa ganin Shata ido da ido ba, sai ga shi yana jin sa a gona da majalisa da cikin motar kasuwa, yana ma iya aika takarda shirin zaɓen waƙoƙi a gaishe masa da 'yan'uwa da muryar Shata. Da haka makaɗi ya tashi daga mallakar gida ɗaya ya zama na kowa. Rediyon nan ta amfani su Ɗanƙwairo da Ɗan'anace ma, amma Shata ne ya fi cin moriyarta, domin kayansa tun asali na kasuwa ne.

4.0 Abin da Aka Yi Juyayinsa

Labarin rasuwar ya iso yammacin Zamfara ta hanyar da muryar ta saba isowa, watau ta rediyo. Waɗanda abin ya fi sosa wa rai su ne mutanen da suka yi samartaka tsakanin samun mulkin kai a 1960 da ƙarshen Jamhuriya ta Biyu a 1983. A tsawon rayuwarsu sun ga ƙasarsu ta tashi daga Lardin Sakkwato ta koma Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta zama Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Zamfara a 1996. Sun ga an bar fam da sule an kama naira da kwabo a 1973. Cikin duk wannan sauye-sauye muryar Shata ba ta gushe ba, har ta zama musu ma'aunin lokaci: mutum kan tuna shekarar aurensa ko ta fara fataucinsa da waƙar da ake yayi a lokacin.

Lokacin rasuwar ma abin lura ne. Ta zo mako uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula a ranar 29 ga Mayu 1999, da wata huɗu kafin a ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba. A gefe guda kuma waƙoƙin finafinan Kano, masu kiɗan fiyano, sun riga sun fara janye kunnen matasa. Ke nan masu juyayi sun ji a jikinsu cewa zamaninsu ne ke naɗe tabarma.

Irin wannan ya faru a wasu ƙasashe, kamar a Masar da Ummu Kulsum ta rasu a 1975, da Amurka a mutuwar Elvis Presley a 1977, da Legas a ta Fela a 1997. Bambancin shi ne, Bahaushe Musulmi ba ya bayyana baƙin cikinsa da gangami. Nasa addu'a ce da neman gafara ga mamaci, sai kuma hira da maimaita kaset. Wannan ya sa juyayin bai bar wata babbar alama a rubuce ba, ko da yake ya yi zurfi.

5.0 Kammalawa

Masana ba su yi wa Shata rowa ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Sai dai nazarinmu ya fi karkata ga makaɗi da matanin waƙa, ya bar mai sauraro a baya. Samarin 1960 yanzu sun haura shekara saba'in, rashin tsaro kuma ya tarwatsa ƙauyuka da dama a Bukkuyum da Anka, tare da majalisun da ake irin wannan hira. Ya kamata ɗaliban manyan digiri su je su naɗi bayanan waɗannan dattawa: ina suka fara jin Shata, wace waƙa suka riƙe, yaya suka ji ranar da ya rasu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan magabatanmu.