Taswirar Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙasa: Nazari Kan Adana Bayanan Aikin Ruwan Zariya

Gabatarwa

Aikin faɗaɗa ruwan sha na Zariya hannu huɗu ne suka ɗauke shi. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Galma a Ƙaramar Hukumar Kubau, Gwamnatin Jihar Kaduna ta gina matatar da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a kullum, Bankin Raya Ƙasashe na Musulunci ya ba da rancen manyan bututu da tankunan ajiya, Bankin Raya Ƙasashen Afirka kuma ya ɗauki nauyin bututun da ke raba ruwa cikin unguwanni. An ba da kwangilar matatar a 2008, aka buɗe ta a 2017, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashi na biyu na aikin a 2019.

Aikin da ya ci fiye da shekara goma a hannun 'yan kwangila daban-daban, bayanansa a warwatse suke fitowa, kowa da irin zanensa da manhajarsa. Matsayar wannan nazari ita ce, waɗannan bayanai kadara ce daidai da bututun, kuma tattara su wuri guda shi ne sharaɗin ɗorewar aikin.

Bayanan da ake bukata

Na farko shi ne zanen yadda aka binne bututu a zahiri, wanda ya sha bamban da zanen da aka yi a ofis. A ɗauki misalin lungu guda a unguwar Muciya. Injiniya ya ja layi miƙaƙƙe a takarda, masu haƙa suka ci karo da ramin masai, suka karkatar da bututun taku uku zuwa ɗaya gefen, aka sa bawul kusa da kwata. Bayan shekara biyu aka zuba kwalta, bawul ɗin ya shige ƙasa. Idan ba a shigar da wannan karkatarwa a taswira ba, ranar da bututun ya fashe sai a yi ta haƙa bisa kirdado, a rufe ruwan unguwa gaba ɗaya saboda yoyon gida biyar.

Na biyu rajistar kadarori ce: faɗin kowane bututu, ƙarfe ne ko roba, zurfinsa da shekarar da aka binne shi. Wannan ya fi nauyi a Sabon Gari, garin da ya taso da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, inda sabon layi ke haɗuwa da tsoho. Ruwa mai ƙarfi daga sabuwar matata, in ya shiga tsohon bututu, raunin da ke ɓoye yake tonawa.

Na uku rajistar masu shan ruwa da mitocinsu. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da nata ruwan daga madatsar Kubanni, amma a unguwannin da ke kewaye da ita gida ɗaya kan zama ɗakunan haya masu yawa a kan famfo guda. Bil ɗin da aka ƙiyasta bisa sunan mai gida kaɗai ba zai nuna ainihin ruwan da ake sha ba.

Amfanin haɗa su

Idan ukun nan suka haɗu a taswirar kwamfuta, ana iya raba gari shiyya-shiyya, a auna ruwan da ya shiga kowace shiyya, a gwada shi da wanda aka biya kuɗinsa. Giɓin da ya rage shi ne yoyo da jonin sata da kuskuren bil. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, irin wannan asara ta kai kashi 72 cikin 100 a 1993. Ƙidayar masu shan ruwa gida-gida da sanya mita suna cikin matakan da suka sauko da ita ƙasa da kashi 10.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin jiha ba. Manhajar QGIS na zana taswira, manhajar EPANET na lissafin ƙarfin ruwa cikin bututu, dukkansu kyauta ne. Hukumar filaye ta jiha, KADGIS, kuma tana ajiye bayanan filaye a kwamfuta, don haka haɗa lambar fili da lambar mita a rajistar Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna abu ne mai yiwuwa.

Inda gizo ke saƙa

Rumbun bayanai yakan mutu ta hanya uku a ayyuka irin wannan: lasisin manhaja ya ƙare bayan masu ba da shawara sun tafi, masu gyara su yi aiki ba tare da sun sabunta taswira ba, ko tsohon ma'aikacin da ya haddace wurin kowane bawul ya yi ritaya da iliminsa.

Maganin kowace a fili yake. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya miƙa zanen zahiri a tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa. Kowane gyara a ɗauki hotonsa da lambobin wurinsa ta waya kafin a mayar da ƙasa. Ɗaliban sashen albarkatun ruwa na Jami'ar Ahmadu Bello su zaga tare da tsofaffin ma'aikata, a rubuta abin da suka sani. Kuɗin wannan duka ƙalilan ne a kan rancen da jiha za ta ci gaba da biya, amma dole ya samu gurbinsa a kasafin kowace shekara, domin taswirar da aka daina sabuntawa ɓatar da mai gyara take yi.