Mosel Bay: Su Wa Suka Fara Zama?

A ƙasar Afirka ta Kudu, bakin teku, akwai wani gari mai suna Mosel Bay. Yau baƙi na zuwa can hutu da iyo. To, su wa suka fara zaman wurin?

Kusa da garin akwai wani kogon dutse. A 2007 masana suka bayyana abin da suka tono ciki: ɓawon ƙananan namun teku, da ƴan wuƙaƙen dutse, da jan dutse mai ba da launi. Shekarunsu wajen 164.000. A zamanin nan sanyi da fari sun matsa ma Afirka. Mutanen kogon suka koyi neman abinci bakin teku.

Can baya maharba San sun zauna yankin, sannan makiyaya Koikoi suka zo da tumaki da shanu.

A 1488 Bartolomeyu Diyas, mutumin Fotugal, ya tsaida jiragensa don ɗibar ruwa. Makiyaya suka yi ta jifa, suna kare idon ruwansu. Diyas ya kashe ɗaya da kibiya. Duk wanda ya san darajar rijiya da rani ya san dalilin jifar nan.

A 2024 UNESCO ta sa kogon cikin kayan tarihin duniya.