Malafar Jaji

Yau labarin wata malafa zan ba ku, da matan da suka sa ta a ka suka shiga ƙauyuka.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Ɗegel aka haife ta cikin 1793. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, watau dai a cikin ƙurar yaƙi ta tashi. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Wannan duk mun sha ji. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne yadda ta yi karatun nan ya fita daga ɗakinta ya isa ga matar da ko alifi ba ta sani ba.

To, da yaƙi ya lafa, ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu da matan da aka kamo. Da yawansu in ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama, gidan 'yan bori suka sani. Ba rediyo, ba jarida, ga hanya da nisa, ga matar aure da goyo da girki. Shehu kansa ya yi faɗa a littafinsa Nurul Albabi kan malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhu. Amma faɗa daban, dabara daban.

Dabarar Nana ita ce 'Yan Taru, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. A kowane gari sai a sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji. Jaji kuwa asali sunan mai jan ayarin fatake ne. Nana ce da kanta ke ba ta malafa da jan ƙyalle a ɗaura a kai. Kun san abin mamaki? Irin wannan shiga an san Innar Gobir da ita, shugabar bori. Nana ba ta ƙone malafar ba, sai ta sauya kan da ke ɗauke da ita. A ganina nan ne hikimarta ta fi fitowa, don mace ta karkara ta riga ta san mai wannan malafa a saurare ta ake yi.

Jaji takan taho Sakkwato a ƙafa da ayarinta, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su da ba miji ko jinjirin da zai tsare su. Sukan zo da sadakar matan da suka bari a gida, hatsi, zuma, man shanu, zare, a raba wa marasa lafiya da mabukata. Su zauna gaban Nana ta biya masu waƙa har ta zauna. Me ya sa waƙa? Don takarda sai mai karatu, waƙa kuwa ana iya yin ta a bakin dutsen niƙa, ana kaɗi ana yi. Akwai Sunago mai jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai Godaben Gaskiya mai gargaɗi kan halin kirki da ranar lahira. In sun koma, jaji ta bi gida-gida tana juye abin da ta ɗauko: tsarki, salla, haƙƙin maƙwabci, kula da mai jego, wankan gawa.

Kuma fa labari ba gefe ɗaya yake tafiya ba. Jaji na zuwa da tambayoyin matan da ba su samu fitowa ba, da kukansu, ta koma da amsa. Ashe matar da ke kulle ma muryarta na isa gidan Waziri. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata waƙar ta'aziyya, kamar yadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837.

Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta riƙe 'Yan Taru. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ayarin bai watse ba. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da jajoji da ransu, ta zauna da su ta ji daga bakinsu kafin ta fitar da littafinta kan Nana a 1989.