Kalmar "Tashi" Da Haɗarin Tenerife

A tarihin sufurin jiragen sama babu haɗarin da ya ci rayuka kamar wanda ya auku ranar 27 ga Maris, 1977 a filin jirgi na Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. Mutane 583 ne suka rasu, kuma abin mamaki jiragen biyu a ƙasa suka yi karo. Idan muka bi diddigin al'amarin, za mu tarar kalma guda ta taka babbar rawa.

Jiragen duka ƙirar Boeing 747 ne, ɗaya na kamfanin KLM na ƙasar Holan, ɗaya kuma na Pan Am na Amurka. Asali Gran Canaria suka nufa, sai bom ya tashi a filin jirgin can, aka karkatar da su zuwa wannan ƙaramin fili. Jirage suka cunkushe har suka toshe hanyar gefe, dole aka riƙa bi ta kan titin tashi shi kansa. Ana cikin haka hazo ya sauko, ma'aikacin hasumiya ba ya ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna. Ba abin da ya rage musu sai magana ta rediyo.

To, a nan gizo ke saƙar. Jirgin KLM ya kai ƙarshen titi ya juyo, na Pan Am kuwa yana tafe a hankali a kan wannan titin. Ma'aikacin hasumiya ya karanto wa KLM hanyar da zai bi a sama, har ya ce ya juya dama "bayan tashi". Wannan bayanin hanya ne kawai, ba izinin tashi ba. Amma Kyaftin Jacob van Zanten, ƙwararren matuƙi wanda shi ke horar da wasu, da ya ji kalmar sai ya ɗauka an sallame shi, ya ba jirgi wuta.

Mataimakinsa ya maimaita saƙon, ya ƙara da cewa yanzu suna "a tashi". Shi yana nufin sun fara gudu. Na hasumiya ya fahimci suna tsaye a wurin tashi suna jira. Sai ya amsa da "oke", wadda take kamar "to" ɗinmu ta Hausa: tana iya nufin na ji, tana iya nufin na yarda. Ya biyo da cewa su dakata zai kira su, amma a daidai lokacin matuƙan Pan Am suka yi magana don sanar da cewa har yanzu suna kan titi. Muryoyin suka haɗu suka zama ƙara, "oke" kaɗai ta isa kunnen KLM sarai. Injiniyan jirgin ya tambaya ko Pan Am ya kauce, kyaftin ya ce masa e.

Dukkan mutum 248 na cikin KLM suka mutu. A Pan Am 61 ne suka tsira daga cikin 396.

A ganinmu, hazo da gaggawar kyaftin suna da nasu kaso, amma da kowa ya ba kalmar ma'ana guda da an tsira. Bayan bincike an gyara ƙa'idar magana: yanzu ba a furta kalmar Turancin nan ta "tashi" sai lokacin ba da izini ko soke shi, a sauran zance wata kalma daban ake amfani da ita. Haka nan "oke" ba ta wadatar, sai matuƙi ya maimaita umarnin da ya ji. An kuma shiga koya wa ƙananan ma'aikatan jirgi su ja da kyaftin idan sun ga kuskure.